Inshora Uku ta Kudus

Kudus mutumin Zangon Kumasi ne, direban motar haya a unguwar Soundview, can ƙasar waje, gajere mai faɗin kafaɗa, ga baki kamar reza. Bai yarda da kowa ba, kuma ba ya ɓoyewa. Ya yi wankin kwanuka a Manhattan, ya yi gadi, ya yi dako a kanti, kafin ya karɓi wata baƙar mota bashi yana biya wata-wata. Da ita yake ciyar da matarsa Najat da yara, da ita yake biyan hayar gida.

Abu ɗaya ya gada wajen uwarsa mai sayar da shinkafa da wake, wato adashi. A wajensa mai hankali ba ya zuba hannu ɗaya. Ka zuba biyu ko uku, ranar kwasa kowanne ya zo maka da nasa cif. Da wannan tunanin ya tunkari inshora.

Ranar da ya ɗauki motar, dillali ya ce akwai inshorar da za ta riƙa biyan bashin idan ciwo ya kwantar da shi. Ya saya. Banki ya kawo irinta, ya saya. Sai ga Abdul-Hanan, wani ɗan garinsu mai ƙamshin turare da ke tallar inshora a ƙofar masallaci, shi ma da tasa. Kudus ya ce masa ai yana da biyu. Abdul-Hanan ya washe baki ya ce, "To Alhaji, ta uku ai ƙarin albarka ne." Ya san yadda abin yake sarai, amma kamashonsa yake hange.

Najat ta yi ƙoƙari. Ta ce, "Baban Hakeem, kuɗin nan da kake watsawa duk wata, da ajiye su muka yi."

Ya daka mata tsawa. "Ɗaya mota, ɗaya rent ɗin gida, ɗaya cefane. Ke mi kika sani?" Haka ya yi shekaru yana biya, har yana yi wa sauran direbobi gori.

Wani hunturu ya zame a kan ƙanƙara a matakalar gidansu, ƙugu ya karye. Likita ya ce ya manta da tuƙi sai abin da hali ya yi. Gogan naka yana kwance cikin azaba amma hankalinsa kwance, a ganinsa lokacin kwasa ya yi.

Ashe ba haka ba ne. Duka ukun abu ɗaya suka tsaya wa, bashin motar. Iyakar abin da za su biya a haɗe shi ne kuɗin motar na wata, su raba tsakaninsu, su tura wa banki kai tsaye. Ko sisi ba zai taɓa hannunsa ba, hayar gida kuwa ba ruwansu da ita.

Ranar Juma'a ya ɗingisa da sanda ya tare Abdul-Hanan a gaban jama'a.

"Kai, maci amana! Na gaya ma ina da biyu ko ban gaya ma ba?"

Abdul-Hanan ya gyara hula. "Alhaji, ka ce kana da biyu. Ba ka tambaye ni ko za su biya double ba."

Kudus ya ɗaga sandar zai kwaɗa masa, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, ya zube a ƙasa. Mutanen da ya sha yi wa gori su suka ɗaga shi, wannan kuwa ta fi karayar yi masa ciwo.

Aikin rainon tsofaffi da Najat take yi bai isa haya ba. Mai gidan ya yi haƙuri har ya gaji. Ƙanenta Amadou ya ba su ɗaki ɗaya a ƙasan gidansa a unguwar Tompkinsville, ya zo ya loda kayansu a baƙar motar, shi ya tuƙa. Kudus yana baya, tukwane a cinya, yara a matse a gefensa. Da suka hau babbar gada ya fara mita, wai yaron nan yana taka birki kamar mahaukaci, zai kashe masa mota.

Najat ta juyo ta kalle shi. "Motar tana da masu tsaya mata har uku, Baban Hakeem. Mu wa ka tsayar mana?"