Kawu Mahauci da Faransanci

Shekara ɗaya kacal na yi ina karanta ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a, amma na dawo unguwarmu Zongo hutu ina jin babu kan da ban san abin da ke cikinsa ba. Duk wanda ya manta makullinsa a gidanmu sai ya sha lacca.

A lokacin ne Kawu, yayan mahaifiyata, mahauci mai shekara sittin da wani abu, ya ce in koya masa karanta Faransanci. Ya gaji da miƙa wa mutane wayarsa su karanta masa saƙo, su kuma ji sirrinsa. Na gyara zama, na bayyana masa cikin tausayi cewa ƙwaƙwalwar tsoho ta riga ta bushe, sabon abu ba ya kama ta.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗiyata, ke a takarda kika ga ƙwaƙwalwa. Ni shekara arba'in ina fasa kan shanu, tsofaffi da ƙanana, ban taɓa samun busasshiya ba."

Duk da haka na taimaka. Na zana masa jadawali mai launi uku, na manna a bango. Kwana biyu ya naɗe tsire da shi.

Ashe ya samo malamin da ya fi ni, wato mai babur ɗin hayar da ke kai shi mayanka kowace safiya. Kawu na baya yana haɗa baƙaƙen allunan shaguna da ƙarfi, mai babur na gyara masa, mutanen hanya na dariya. Kuskuren jiya, gobe za su sake wuce allon, ya sake gwadawa. Na shaida wa mahaifiyata cewa wannan ba tsari ba ne a kimiyyance. Ta ce to.

Bayan wata bakwai, na sake zuwa gida hutu, sakamakon jarrabawata ya fito. Na bar takardar a kan tabarma, tunda da Faransanci take, a sanina kuwa ba mai iya karanta ta a gidan. Na fito daga wanka na tarar Kawu ya sa tabarau, yana bin ta da yatsa, mahaifiyata na gefe tana tsince shinkafa. Ya karanta sunana daidai, ya karanta darasin da ya shafi yadda ake tuna abu, ya tsaya.

"Likita, wannan kalmar, *ajournée*, yabo ce?"

Kalmar na nufin ban ci ba, sai na maimaita, amma na ce masa ma'anarta tana da faɗi. Mahaifiyata ta ajiye tire, ta ce in taƙaita mata.