Da Hannuna Na Cire Mahaifina Daga Hotunan Bikina

A lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara ashirin da bakwai, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Samaru. Ni ce babba a cikin mu biyar, ni ce na fara samun takardar malanta a gidanmu, kuma ni ake jira idan za a yanke wata magana. Fom ɗin asibiti ni ke cikewa, takardun fansho ni ke bi, ko fentin da za a yi wa falo sai an tambaye ni. Zamanin da wayar salula ta fara shiga hannun irinmu ne, kowa yana jin ya waye, ni kuwa ina jin na fi kowa wayewa. Ban taɓa ɗaukar kaina mai girman kai ba, gani nake ni mai tsari ce kawai. Na rubuto muku ne saboda na daɗe ina riƙe da wannan labari, kuma yanzu na kai inda zan iya faɗinsa kai tsaye ba tare da na nemi wanda zan jingina wa laifi ba.

Mahaifina tsohon ma'aikacin reluwe ne. Tun yana saurayi ya baro ƙauyenmu a kudancin Kaduna ya zauna a Sabon Gari, a nan ya yi aure, a nan aka haife mu. Dogon mutum ne mai murya, shekara da shekaru shi ke ba da waƙa a ƙungiyar maza ta cocinmu. Shekara biyu kafin aurena ya faɗi a bakin famfo da safe, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya tashi, amma hannun hagu bai dawo ba, ƙafar sai ya ja ta, bakinsa ya karkace gefe guda, ido ɗaya ya sauko. Kullum da hankici a hannunsa na dama saboda yawu. Da aka sa ranar aurena, sai ya ce shi da kansa zai kai ni gaban bagade. Ya sa Mama ta ƙirga taku nawa ne daga ƙofar coci zuwa gaban fasto, ta dawo ta faɗa masa. Daga ranar, kowace safiya sai ya ɗauki sandarsa ya yi wannan takun a tsakar gida, daga bakin ƙofa zuwa gindin gwaiba ya dawo, yana haki, yana hana kowa ya riƙe shi. Wata uku yana haka. Ina ganinsa duk ranar da na kwana gida, amma hankalina yana wani wuri.

Wanda zan aura ma'aikaci ne a jami'a, iyayensa 'yan boko ne tun kaka. Ranar da aka fara kai ni gidansu a Kaduna, abin da ya tsaya mini a rai shi ne bangon falonsu. Hotunan bikin yayyensa ne a jere cikin gilashi, kowa tsaf, iyaye a tsaye kamar an zana su. A ranar na fara tunanin yadda nawa zai zauna a wannan bango, da fuskar Baba a tsakiya. Gaskiya ita ce babu wanda ya taɓa ce mini komai. Surukata ta zo gaida Baba har gida, ta durƙusa masa, ta ci tuwon Mama ta yaba. Ni kaɗai na ƙirƙiro kunyar, na raine ta a cikina har ta girma.

Mama ta so a ɗauki wani tsohon mai hoto, Bayarabe, da ke da shago kusa da kasuwar Sabon Gari. Shi ya ɗauki hoton baftismarmu duka, shi ya ɗauki na ranar da Baba ya ajiye aiki. Na je wurinsa ni kaɗai. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce masa ina so ya riƙa ɗaukar Baba daga baya ko daga nesa, kuma kada ya sa shi a hotunan da za a girmama. Tsohon ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce ya san mahaifina tun ban zo duniya ba, kuma shi bai iya irin wannan aikin ba. Ya ce idan haske ne matsalar zai gyara, idan zama ne zai san yadda zai zaunar da shi ya yi kyau, amma ɓoye uban amarya ba ya cikin sana'arsa. Na fito raina a ɓace. A gida na ce wa Mama tsohon ya tsufa, har yanzu da fim yake aiki, sai an yi mako ana jiran wankin hoto, kuma hannunsa ya fara rawa. Mama ta ce to, tunda ni na fi sanin abin zamani.

Na samu wanda nake so a Samaru, a jerin shagunan da ke fuskantar ƙofar jami'a. Matashi ne da ya gama karatu bai daɗe ba, yana da kyamara marar fim da kwamfuta a kan tebur. Ya nuna mini yadda yake goge ƙuraje a fuskar amare, yadda yake cire mutum daga hoto a sa furanni a wurin. Da na faɗa masa buƙatata bai ko ɗaga kai ba, ya ce wannan ƙaramin abu ne, abin da kwastoma ke so shi ake yi. Ya ce dai in rubuta masa a takarda don kada ya manta a cikin hayaniya. Na ciro takarda daga littafin darasina na rubuta da Turanci waɗanda za a fi ɗauka: ni da ango, iyayen ango, ƙawaye, manyan baƙi daga jami'a. A ƙasa na rubuta cewa tsoho mai sanda da baƙar kwat kada fuskarsa ta fito, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Ko mahaifina ban rubuta ba. Tsoho mai sanda na ce.

Ranar biki Baba ya ajiye sandar a bakin ƙofar coci. Ban san zai yi haka ba, Mama ma ba ta sani ba. Ya saƙala hannunsa mai lafiya a nawa, muka fara tafiya a hankali, ina jin nauyinsa a kafaɗata, ina jin numfashinsa. Matan zumuntar coci suka fara guɗa tun ba mu kai rabi ba, tsofaffin abokan aikinsa na reluwe suka miƙe tsaye, wasu suna share ido. Da fasto ya tambayi wa ke ba da wannan yarinya, Baba ya amsa da muryar da na yi shekara biyu ban ji ba, har bayan coci aka ji shi. Na yi kuka a lokacin, kukan gaske. Amma ko a cikin kukan ina lura da inda mai hoto ya tsaya, ina jin daɗi da na ga ya koma ɓangarena yana ɗauka ta inda mayafina ya tare Baba.

Bayan mako biyu albam ya fito, mai kauri, da bango mai ruwan zinariya. Ni da mijina muka kai shi Sabon Gari ranar Lahadi bayan sujada. Baba ya sa aka fito masa da kujera waje inda haske yake, ya ɗora albam ɗin a cinyarsa yana buɗewa da hannu ɗaya. Yana ta murmushi, yana nuna mutane yana faɗin sunayensu. A hoton shigowarmu coci, ni ce kaɗai a tsakiyar furanni, sai 'yan yatsu huɗu a kan farin hannun rigata. A hoton iyaye, Mama ce a gefena, inda Baba ya zauna an yanke. Ya kai shafin ƙarshe, ya dawo farko, ya sake bi ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗago ya ce mini, “Uwata, akwai na biyu ne?” Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. A take na ce masa mai hoton ne ya ɓata aiki, hotunan da yake ciki duk sun lalace a kwamfuta. Na faɗa da ƙarfi, har da tsaki. Mijina ya yi mamaki ya ce zai je ya same shi, na ce ya bari ni zan ji da shi.

Ƙaryar ba ta tsaya a gida ba. Duk wanda ya ga albam sai ya tambayi ina Baba, ni kuma sai in maimaita, har maganar ta zaga cocinmu cewa mai hoton nan na Samaru ba shi da amana. Wasu biyu da suka yi niyyar ɗaukarsa suka fasa. Abin da ban sani ba shi ne Baba bai haƙura ba. Wata Talata ina aji, ya sa Mama ta raka shi suka shiga motar Samaru, suka yi ta tambaya har suka gano shagon. Ba faɗa ya kai shi ba. Roƙo ya je yi, ko za a duba cikin na'urar a samo masa guda ɗaya, ko da ya yi duhu, ya rataya a ɗakinsa. Matashin kuwa ya riga ya ji abin da nake faɗa a kansa, yana cike. Ya jawo durowa ya ciro takardata ya miƙa wa Mama. Mama ba ta karatun Turanci sosai, sai ta miƙa wa Baba. Shi ya koya mini rubutu tun kafin in shiga aji ɗaya, ba ya buƙatar a gaya masa hannun wa ne.

Mama ce ta zo makarantarmu da rana, ta tsaya a bakin ofishin hedimasta har aka tashi. Ba ta zage ni ba. Ta ba ni takardar a ninke ta ce in karanta mata layin ƙarshe da bakina, don tana so ta tabbata abin da mijinta ya karanta mata a mota shi ne a rubuce. Na kasa. Ta ce to in biyo ta gida. Na tarar da Baba a gindin gwaiba. Na durƙusa na faɗi komai, har zuwana wurin tsohon mai hoto da abin da ya ce mini. Baba ya saurara har na gama. Ya ce shi ma yana da madubi, ya san yadda fuskarsa ta koma, da na gaya masa tun farko da ya zauna a kujerar baya bai ji haushi ba. Abin da ya dame shi, in ji shi, shi ne na bar shi yana ta taku a tsakar gida wata uku alhali na riga na yanke. Daga nan ya ce in tashi in je in wanke sunan yaron mutane, don shi bai yi komai ba sai abin da aka sa shi.

Na je. Na ba matashin haƙuri, na kuma tsaya a taron matan zumunta na janye maganata, wanda ya fi mini komai wuya. Na tambaye shi ko asalin hotunan suna nan, ya ce ya goge su tun da ya miƙa albam, don ya samu wurin wani bikin. Mijina ya yi kwana biyu ba ya cin abincina. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne da sunan iyayensa na yi abin, alhali mahaifiyarsa ta fi kowa tambayar hoton shigowarmu coci. Na kawo shawarar in sake sa farar rigar, Baba ya sa kwat ɗinsa, mu je a ɗauke mu. Baba ya ƙi. Ya ce ranar ta wuce, shi ba zai yi wasan kwaikwayo ba. Ya ci gaba da amsa gaisuwata, yana tambayar aikina, amma kusan shekara guda bai kira ni Uwata ba, sai sunana na yanka.

Sai ranar da muka kai ɗana na fari coci don miƙa shi ga Ubangiji abin ya warware. Bayan an tashi, Baba ya zauna a benci a waje ya ce a ɗora masa jaririn a hannunsa mai lafiya, ya kira mai hoton da ke wurin da kansa. Ya ce in zo in zauna a hagunsa. Ya ajiye hankicin a aljihu, ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya ga kyamara, ya yi dariya iyakar yadda bakin ya ba shi dama. Ya rayu shekara huɗu bayan haka, ya ga jikoki uku.

Na yafe wa kaina, domin shi ya yafe mini tun yana raye, kuma ba na rubuta wannan don a tausaya mini. Na rubuta ne don 'yan'uwana mata da ke shirin aure, da mazan ma. Idan za ku zaɓi mai hoto, kowa zai ce ku duba kyamararsa da aikin da ya yi a baya, kuma gaskiya ne. Amma ku ƙara da duba ko mutum ne da zai iya ce muku a'a, don amarya a makon bikinta ba kullum take cikin hankalinta ba. Kuma kafin ki ba shi umarni, ki zauna ki tambayi kanki wa kike so ki gani a hoton nan bayan shekara ashirin. Manyan baƙin da na cika albam da su, yau rabinsu ko sunansu ba na tunawa. Idan akwai wani a gidanku da kike jin nauyin a gan shi saboda ciwo, ko tsufa, ko rashin boko, ki kama hannunsa ki kai shi tsakiya, ki ce wa mai hoto ya fara da shi.