Tsohon da Ya Kawo Saiwa

Mai shara tana tsaye da tsintsiyarta a ƙofar ofishin malamin gona, tana kallon tsohon da ke zaune kan benci tun safe. Farcensa duk jar ƙasa, amma rigarsa wankakkiya ce, irin ta zuwa gaban manya. Ya rungume wani ƙunshin buhu.

Da aka kira shi, sai ya kwance ƙunshin. Saiwar bishiya ce, wani kumburarren abu ya manne mata, da jan fure kamar ɗanyen nama. Ba ganye, ba ko ɗigon kore.

"Baba, wannan tsiron a ƙarƙashin ƙasa yake rayuwa," in ji malamin. "Shekara da shekaru yana tsotsar bishiya. Kafin furensa ya leƙo, ya gama ratsa gonar."

"To, ranka ya daɗe, wacce zan sare?"

"Duka, Baba," in ji malamin.

Mai shara ta raya a ranta cewa da hannunsa tsohon ya dasa bishiyoyin, kuma da alama ba mai taya shi sara. Tsohon ya naɗe saiwar a hankali, ya tsaya gabanta.

"'Yata, ina ake wasa gatari a nan?"