Na daina cewa "da sauƙi"

Assalamu alaikum, mutanen waya. Mma Adisa ce, mai koko ta unguwar Zogbeli. Ban mutu ba tukuna, don haka waɗanda suka fara rabon tukwanena a zuci su dakata. Tun kafin azumi ba ku ji ɗuriyata ba, to ga dalili.

Daga ciki abin ya fara. In na ci tuwo sai ya tsaya mini wuri guda kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Na sha jiƙo, na sha kanwa, na ce tsufa ne. Sai da zanina ya fara yi mini yawa, sannan autata Rahama ta tura ni cikin yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, zuwa asibiti.

Aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka sake wani hoton. Abin da katin inshora bai ɗauka ba, awakina suka ɗauka. Likita ya ce ƙari ne a hanji, sai an yanka.

Aka yanka.

Da na farka, kamar an zuba mini garwashi a ciki an ɗinke. Suna yi mini wata allura mai ƙarfi, mofin. Nas ɗinmu, Fuseina, ta ce, "Mma, wannan da awo ake ba da ita. Abin da kika gaya mana da shi muke aiki." Kullum in ta zo sai ta tambaya, "Ya jiki? Ciwon ya kai ina?"

To ni duk haihuwar da na yi, maƙwabta ba su taɓa jin muryata ba. Ga kuma mijin Rahama a ƙarshen gado, ya sunkuyar da kai, yana riƙe da fulas. A gaban suruki zan ce cikina na ciwo? Na ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi."

Ashe rubutawa take yi. Mu a gida gaisuwa ce, su a can awo ne. Sai suka rage allurar.

Bayan azahar aminiyata Sanatu mai kifi ta zo dubiya. Ta kalle ni sau ɗaya ta ce, "Adisa, ƙarya kike. Ga 'yan haƙoran da suka rage miki kin cije." Ta kwance haɓar zani ta ciro tiramol ɗin da take sha don ciwon baya. "Haɗiye, kar ki gaya wa masu farar riga, surutu gare su."

Na haɗiye. Ba a jima ba lokacin allura ya yi, Fuseina ta zo ta yi mini. Ban gaya mata na sha ƙwaya ba.

Sauran labarin ba ni aka yi. Wai barci ya ɗauke ni har da minshari. Rahama ta yi murna, ta tsaya bakin ƙofa tana tare masu dubiya: "Kar ku tashe ta, yau ne ta samu barci." 'Yata ta cikina, tana gadin mutuwata ba ta sani ba.

Da la'asar Fuseina ta zo awon jini. Ta kira, shiru. Ta girgiza ni, shiru. Leɓena sun canza launi, numfashi sai an jima ya zo. Ta ɗaga murya, "Me aka ba ta?" Sanatu ta taso daga kan sallaya, ta miƙa takardar ƙwayar. Suka sa mini iska a hanci, suka yi wata allura mai warware ta farko.

Na dawo duniya da ciwon gaba ɗaya. Na kurma ihun da aka ji har ɗakin maza. A gaban surukina. Kunyar da na tara tun ina amarya ta zube a ƙasa.

Likita bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Mma, da kin ce da ciwo, da mun ƙara miki muna duba numfashinki. Biyun da kika haɗa, duk numfashi suke dannewa."

Yanzu ina gida. Ɗinki ya warke, amma sakamako ya fito: ƙarin ya riga ya yi 'ya'ya a hanta. Likita ya daina maganar yanka, maganar rage ciwo kawai muke yi. Ludayin koko ma ya fi ƙarfina. Jikokina maza, mazajena marasa cefane, ku fara neman wata matar.

Sanatu ba ta ƙara shigowa ba. Takan ajiye kifi a bakin ƙofa ta juya, kifin da ba na iya ci. In wani ya karanta miki wannan, Sanatu, ki shigo. Ba ni da lokacin fushi.

Na gode wa Allah, na gode wa Fuseina da ba ta yarda da minsharina ba, da Rahama, da ku masu addu'a.

Ga nawa guzurin. In nas ta tambaye ku ciwo, ku faɗi gaskiya ko gaban wa. Kar ku karɓi ƙwaya daga haɓar zanin kowa, ko mai ƙaunarku ce, kuma duk abin da kuka sha, har jiƙo, ku faɗa. Masu jinya, in an yi wa mutum allurar nan ya yi barcin da ba ya jin kira, ku ruga ku kira nas. Maganin da ya rage a mayar asibiti, ba na rabo ba ne.

Yau da safe mijin Rahama ya durƙusa ya ce, "Mma, ya jiki?"

Na ce, "Babu sauƙi, ɗana."

Wannan kam ba a koya wa kowa amsarta ba. Sai ya jawo kujera ya zauna kusa da ni.