Suturar Rabi

Ko zan manta da komai na aikin sabulu, ba zan manta da ranar da wata tsohuwa ta fitar da mudir daga ofishinsa ba. Ku da kuke aikin talla yanzu kuna ganin kun iya, to ku zauna ku ji.

A farkon shekarun sittin ne. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin sabulu a Wad Madani, babban garin yankin Jazira, inda ake yin sabulun da man angurya. Muƙamina mai rabon kaya: ina bin lori daga Madani zuwa Hasahisa da ƙauyukan da ke tsakani, in sauke kwalaye a kantuna. Ni Bahaushe ne ɗan garin Mai Wurno, shi ya sa aka ba ni ɓangaren ƙauyukan Hausawa. Sama da ni akwai magatakarda, sama da shi mudir, wato shugaban wurin, mutum mai zafi wanda ba a shiga wurinsa sai an nemi izini.

A shekarar aka fito da sabon allon talla. Yadda ake yi shi ne, mai hoto ya zaga gonaki lokacin tsinkar auduga, ya ɗauki mata, ya ba kowacce sandar sabulu. Mudir ya zaɓi fuskar da ta yi masa, a ba mai zane ya gyara, sannan a buga a jikin fallen kwano. Gyaran nan kuwa ba ƙarami ba ne. An haska fatar, an goge tsagar kumatu, an zame tob, wato lulluɓin da matanmu ke yi, har kafaɗu da saman ƙirji suka fito, ga kumfa. Jikin ma ba nata ba ne, daga kansa mai zanen ya ƙirƙiro shi. Aka ba ni allunan, na bi kantuna ina kafawa da ƙusa, samari suna taruwa suna shewa, kaya suna tafiya.

Wata safiya mai gadi ya kira ni, wai ga wata tsohuwa Bahaushiya a ƙofa ta ƙi tafiya. Na same ta tsaye, 'yar ƙarama, da ƙunshin farin yadi a hammata. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce sunanta Dije, daga wani ƙauye kusa da Hasahisa.

"Ɗana, kai ne mai kafa hoton nan?"

"Ni ne, Inna."

"Sunanta Rabi. Ta rasu wajen haihuwa tun kafin ku kawo shi. Ni ce mai wankan mata a garinmu, ni na wanke ta."

Ta ce duk gyaran da aka yi, wushiryar da idanun suna nan, kowa a garin ya gane ta. Mijin Rabi ya daina zuwa kasuwa don kada ya ga maza suna kallon matarsa. Ya so ya je ya fasa allon da gatari, ita ta hana shi, ta ce wannan aikinta ne, ita ta fara shi.

Na shigar da ita ofishin mudir ba tare da izini ba, don ban ga fuskar ce mata ta jira ba. Mudir ya ɗago a fusace, magatakarda na gefensa. Allon yana rataye a bango a bayan kujerarsa. Inna Dije ta kalle shi sau ɗaya, ta kawar da kai. Sannan ta yi wa mudir bayani da Larabci, a hankali, ba kuka ba zagi.

Ya ce, "Ya Hajja, Allah ya jiƙanta. Amma zane ne kawai, kuma an ba ta sabulu."

Ta ce, "Na wanke matan garinmu da yawa, ban taɓa buɗe ko ɗaya ba, ta ƙarƙashin zane nake sa hannu. Na rufe yarinyar nan da hannuna, sai na zo kasuwa na tarar da ita a buɗe. Aikina bai ƙare ba ke nan."

Ta kwance ƙunshinta, ta warware yadin, ta ce, "Maza su fita."

Haka ake faɗa in za a wanke mace, duk wanda aka taɓa yi wa rasuwa ya san muryar. Na zuba wa mudir ido, ina jiran tsawa. Mutumin nan ya ajiye alƙalaminsa, ya miƙe. Ya fita, magatakarda ya bi shi, ni na ja ƙofar. Muka tsaya a baranda cikin rana kamar masu jiran gawa, ba mai kallon wani.

Da ta fito, allon yana naɗe a farin yadi, ta rungume shi. Ta tambaye ni ina sauran allunan. Kafin in buɗe baki mudir ya ce, "Ɗauki lori ka kai ta."

Kwanaki muka yi muna zagaye. A kowane kanti in cire ƙusa ina kallon gefe, ita ta karɓa ta naɗe. Wani mai kanti a Hasahisa ya so gardama, da ya ga farin yadin sai ya koma ciki. Muka dawo da su duka, ta tsaya a kan mai zanen har ya shafe kowanne da farin fenti. Allon da aka yi bayan nan ƙullin auduga ne da sandar sabulu, kuma an ci gaba da wanka a Jazira.

Abin da na koya ke nan a sana'ar nan. Mukan ce "fuskar talla" kamar daga sama take faɗowa, alhali kowacce tana da suna da gida da masu jin kunyarta. Daga ranar ban sake ɗaga guduma a kan hoton mace ba sai na tambayi ɗiyar wa ce, kuma ta san yadda aka zana ta.

Ranar da aka shafe na ƙarshe, Inna Dije ta nemi buta, ta wanke hannuwanta har gwiwa. Ta juyo ta ce da ni, "Ɗana, je ka gaya wa mijinta ya fito kasuwa. An gama suturar Rabi."