Ɗan Viking mai tabarau

Yana tsaye a kangon gidan ibada na tsibirin Lindisfarne, ƙato mai kitsattsen gemu, da hular ƙarfe da gatarin katako. Aikinsa ya nuna wa 'yan firamare yadda 'yan Viking suka auka wa wurin nan. Ni ce sabuwar malamar ajin, ko wata ban yi da gama jami'a ba.

"Da asuba muka sauko daga jiragen ruwa!" yake ruri. "Muka kashe masu ibada, muka kwashe zinariya, muka kama bayi!"

Yara suna ihun daɗi, ina tafa musu. Shi ne ya fara hango Daryna, 'yar ajina wadda ta gudo daga yaƙi bara, ta shige bayan dutse ta toshe kunnuwa.

Sai ya ajiye gatarin a hankali, ya cire hular. Ashe mai sanƙo ne. Ya laluba aljihu ya sa tabarau, ya durƙusa nesa da ita.

"'Yata, dube ni. Ko ƙaguwa tsoronta nake ji."

Kunnuwansa sun yi ja. Ina jin yana da jika kamarta, wadda yake tsefe wa gemun nan ta yi wasa.

Da ya miƙe, bai ɗaga murya ba. "Malama, ai da kin faɗa mini."

Na san labarinta sarai, ban dai tuna ba. Ga wani aji ya iso, yara suna roƙonsa ya yi ruri, shi kuwa yana ta juya hular a hannu, ya kasa sa ta.