Ƙyauren da Na Dafa Tuwo da Shi

Har in koma ga Allah ba zan manta da jajiberin bikin yaye ɗalibai na wata shekara ba, lokacin ina shugabar masu dafa abinci a kwalejinmu da ke hanyar Malumfashi.

Ku da kuka zo daga baya, kun tarar da tsohuwar ƙofa da ƙyaure ɗaya. A da biyu ne. Tun kafin zuwan Turawa aka sassaƙa su don ƙofar ganuwar garin, zamanin da ake rufe gari saboda mahara. Da ganuwa ta zube aka kafa su a bakin kwaleji. Sau biyu ake buɗewa a shekara: sababbin ɗalibai su shiga, masu gamawa su fita. Baba Sallau mai gadi ke riƙe da makullin, kamar yadda kakansa ya tsare ƙofar a gari.

Mu kuwa a kicin dokarmu ɗaya ce. Duk itacen da aka zube a gindin tsamiyar bayan kicin, na girki ne. Ba a tambaya.

A makon bikin aka ga gara ta taɓa ƙyaure ɗaya. Kafinta ya kwance shi, ya kai ƙarafan maƙera, ya jingine katakan a inuwar tsamiya. Ni kuma na fito na ga busasshen itace baƙi, ga baƙi za su zo. Na sa mai faskare ya faskara. Har yaba itacen na yi, don bai yi hayaƙi ba.

Da la'asar Baba Sallau ya zo yana tambayar katakan. Na nuna masa murhu. Bai yi salati da ƙarfi ba, zama kawai ya yi a ƙasa, ya cire hula. Sai a lokacin na gane, muciya ta faɗi daga hannuna.

Washegari aka ba ni takardar tuhuma, wato in faɗi dalilin da zai hana a kore ni. Ga marayu huɗu a gida. Da karatuna na yaƙi da jahilci na rubuta layi uku, na ce ni na sa aka faskara, ban sani ba. Shugaban kwaleji ya karanta, ya tambayi Baba Sallau yadda ya gani, tunda gadonsa aka ƙona.

Baba Sallau ya ce, “Ranka ya daɗe, shekara goma sha biyu yarinyar nan tana kai mini abinci bakin ƙofa. Kowane ɗalibi na ba shi tarihin ƙofar nan. Ita ban taɓa ba.”

Aka bar ni da gargaɗi.

Abin da na koya shi ne, a wurin aiki manya da ɗalibai ake ba labari, a manta da masu murhu da tsintsiya, alhali komai ta hannunmu yake bi. Shi ya sa duk wadda aka ɗauka a kicin, ba na ba ta tukunya sai na fara kai ta bakin ƙofar nan ta ji tarihi.